Laifi da Haƙƙi: Yadda Aiki Ɗaya Ya Kan Haifi Shari'a Biyu

Ran 3 ga watan Oktoba na shekarar 1995, da hantsi, aka ce wa wani mutum mai suna O. J. Simpson ya miƙe tsaye a wata kotu ta birnin Los Anjelis, cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, don ya ji hukuncinsa. Mutumin nan sananne ne ƙwarai a ƙasarsu, gama ya yi suna wajen wasan ƙwallo irin na Amurka, daga baya kuma ya shiga wasan sinima. Abin da a ke tuhumarsa da shi kuwa shi ne kisan tsohuwar matarsa, Nicole Brown, da wani matashi da ta sani, Ronald Goldman, waɗanda aka kashe da wuƙa a ƙofar gidan matar cikin daren 12 ga watan Yuni 1994. An yi wata takwas da 'yan kai ana wannan shari'a, ana nuna ta a talabijin. Bisa al'adar ƙasar, ba alƙali ne zai ce ya yi ko bai yi ba. Aikin mutum goma sha biyu ne da aka zaɓo daga cikin jama'ar gari, waɗanda a ke kira juri. Mutanen nan ba su cika awa huɗu suna shawara ba, suka ce ba a same shi da laifi ba. Aka sake shi ya tafi gida.

Bayan wata goma sha shida, watau ran 4 ga watan Fabrairu 1997, a garin Santa Monika, wanda ba shi da nisa da Los Anjelis, waɗansu mutum goma sha biyu dabam suka saurari labarin wannan dare. Su kuwa suka ce Simpson ne ke da alhakin mutuwar Goldman da farmakin da aka yi wa su biyun. Da aka haɗa kuɗin da aka ɗora masa ya biya dangin mamatan, ya kai dala miliyan 33 da rabi. Amma ko kwana ɗaya ba a ɗaure shi saboda wannan hukunci ba.

Mai sauraro zai iya cewa lalle ɗaya daga cikin kotunan nan biyu ta yi kuskure, ko kuwa dokar Amurka baki biyu gare ta. A wajen masana shari'a kuwa babu saɓani ko kaɗan tsakanin hukuncin farko da na biyu. Tambayar da aka yi wa kotu ta farko dabam ce da wadda aka yi wa ta biyu, ma'aunin da kowacce ta auna hujja da shi kuma ba ɗaya ba ne. Ta farko shari'ar laifi ce, ta biyu shari'ar haƙƙi. Waɗanda ke zaune a Sudan da Saudiyya sun saba jin sunayensu da Larabci, jina'i da madani. Duk wanda ya ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, ya ke ciniki, ya ke hayar gida, ya ke tuƙa mota, yana bukatar ya san iyakar da ke tsakaninsu tun kafin ranar da za a kira sunansa a kotu.

Abu na farko da za a duba shi ne wanda ya kai ƙara. Laifi, a harshen doka, shi ne aikin da hukuma ta hana, ta kuma yanka wa mai yinsa horo, kamar sata, da fashi, da kisan kai, da tuƙin ganganci. Ko da ya ke mutum ɗaya aka yi wa sata, doka ta ɗauka cewa jama'a duka aka taɓa, domin in ɓarawo ya tsira yau ba wanda zai yi barci da ido biyu rufe gobe. Saboda haka hukuma ce ke tsayawa a madadin jama'a. Ana ganin wannan tun daga sunan da a ke rubuta wa shari'ar. A Kalifoniya an rubuta cewa Jama'ar Jihar Kalifoniya ne ke ƙarar Simpson. A Ingila da sunan Sarki a ke yi, a Ghana da sunan Jamhuriya. Wanda aka cuta ba shi ne mai ƙara ba, shaida ne kawai, ko da ya ke shi ne babban shaida. Lauyan da ke gabatar da ƙarar ma'aikacin Gwamnati ne, ba wanda aka cuta ke biyansa ba, ba kuma shi ke ba shi umarni ba.

A nan mutane da yawa su kan yi mamaki. Wanda aka sassara da adda ya kan koma wajen 'yan sanda bayan dattawan unguwa sun sa baki, ya ce ya janye ƙara, sai a gaya masa ƙarar ba tasa ba ce balle ya janye ta. Gaskiya ne dokokin ƙasashe da yawa sun bar ƙofar sulhu cikin ƙananan laifuffuka. Dokar kotunan Ghana ta 1993, misali, ta yarje wa alƙali ya taimaka a sasanta irin waɗannan. Amma in laifi ya yi girma, Babban Lauyan Gwamnati da ma'aikatansa ne ke da ikon ci gaba da shari'a ko tsai da ita.

Shari'ar haƙƙi kuwa tsakanin mutum da mutum ce, ko mutum da kamfani, wani lokaci ma mutum da Gwamnati. Bashi, da ciniki, da haya, da iyakar gona, da gado, da aure da saki, da ɓarnar da wani ya yi wa wani cikin sakaci, duk nan su ke. Mai haƙƙi shi ke kai ƙara da kansa, shi ke neman lauya in yana so, shi ke tara shaidunsa. In ya ga dama ya yafe, in ya ga dama ya karɓi rabi a rufe magana, in kuma bai kai ƙara ba, ba ɗan sandan da zai kai masa. A shari'ar Santa Monika iyayen Goldman da magadan Nicole Brown ne suka tsaya da sunansu.

Abu na biyu shi ne abin da a ke nema a ƙarshe. Shari'ar laifi horo ta ke nema: ɗauri, ko tara, a waɗansu ƙasashe har da bulala ko kisa. Shari'ar haƙƙi gyara ta ke nema, watau a mayar da wanda aka cuta inda ya ke tun kafin a cuce shi, gwargwadon abin da kuɗi za su iya. Tara da biyan ɓarna duka kuɗi ne, amma ba aljihu ɗaya su ke shiga ba. Tara baitulmalin Gwamnati ta ke zuwa, biyan ɓarna kuwa hannun mai haƙƙi.

A ɗauki misalin direban lori da ya taso daga Kumasi za shi Tamale, ya yi gudun da ya wuce ƙa'ida, ya banke wani fatake mai kayan goro, ya karya masa ƙafa, kayan kuma suka lalace. 'Yan sanda za su gurfanar da shi saboda tuƙin ganganci, alƙali ya ci shi tara ko ya ɗaure shi. Wannan bai biya wa fataken kuɗin asibiti ba, bai mayar masa da goronsa ba, bai kuma ciyar da iyalinsa watannin da ya yi kwance ba. Kotun laifi ta kan iya haɗawa da umarnin a ba shi wani abu, amma cikakken haƙƙinsa sai ya neme shi ta ƙarar haƙƙi, daga direban, ko daga mai motar da ya ɗauke shi aiki. Sau da yawa kamfanin inshora ne zai biya. Karo ɗaya aka yi bisa hanya, shari'a biyu ta fito daga ciki.

Abu na uku shi ne ya fi muhimmanci, shi ne kuma ya warware mamakin Simpson, watau nauyin hujja. Masana sun kwatanta shi da sikeli. A shari'ar haƙƙi alƙali ya kan ɗora maganar mai ƙara a hannu ɗaya, ta wanda a ke ƙara a ɗaya hannun. Wanda nasa ya rinjaya, ko da da ƙwayar gero ne, shi ya ci. Abin da a ke tambaya kawai shi ne, wace magana ce ta fi kama da gaskiya? A shari'ar laifi kuwa rinjaye kaɗai bai isa ba. Sai hannun hukuma ya danne har ƙasa, ta yadda babu sauran shakka irin wadda mai hankali zai tsaya a kanta. Ba a ce babu shakka ko ta ƙaƙa ba, gama ba abin da ɗan Adam zai tabbatar wanda mai gardama ba zai ƙago masa wata shakka ba. A Ingila alƙalai su kan gaya wa juri a taƙaice cewa kada su ce mutum ya yi laifi sai sun tabbata.

Dalilin wannan bambanci a fili ya ke. In alƙali ya yi kuskure a shari'ar bashi, kuɗi ne suka bar aljihun da ya kamata su zauna, kuma ko ta wane gefe ya karkata, asarar iri ɗaya ce, domin masu jayayyar daidai su ke a gabansa. In kuwa ya yi kuskure a shari'ar laifi, shekarun mutum ne suka tafi a kurkuku, ko ransa ɗungum, ba kuwa kotun da ta iya mayar da su. Har wa yau ƙarfin ɓangarorin ba ɗaya ba ne. Hukuma tana da 'yan sanda, da ɗakunan gwaji, da lauyoyi, da kuɗi. Wanda a ke tuhuma sau da yawa ba shi da kowa sai kansa. Don haka aka ɗora wa mai ƙarfi kaya mafi nauyi.

Wannan ƙa'ida ba ta zauna da gindinta a Ingila ba sai da wani matashi ya kusa rasa ransa. Sunansa Reginald Woolmington, ɗan shekara 21, mai aikin gona a yankin Doset. Matarsa ta yi yaji ta koma gidan uwarta. Cikin watan Disamba 1934 ya bi ta can da bindiga ɓoye cikin riga, bindigar ta tashi, matar ta mutu. Shi ya ce ya je ne ya nuna mata zai kashe kansa in ba ta koma ba, tashin bindigar kuma tsautsayi ne. Alƙalin da ya yi shari'ar ya gaya wa juri cewa tun da an tabbata hannunsa ne ya kashe, to, shi ne zai nuna cewa tsautsayi ne. Aka same shi da laifi, aka yanke masa hukuncin rataya. Aka ɗaukaka ƙara har Majalisar Dattawa ta Ingila, wadda alƙalanta su ne kotun ƙoli a wancan zamani, kafin a kafa Kotun Ƙoli dabam a 2009. A shekarar 1935 majalisar ta soke hukuncin. Lord Sankey, wanda ya yi bayani a madadinta, ya kwatanta ƙa'idar da zaren zinariya da ya ratsa dukan saƙar dokar laifi ta Ingila: mai tuhuma ne zai tabbatar da laifi, da aikin da niyyar duka, ban da 'yan wurare kaɗan da doka ta keɓe. Majalisar ba ta ce Woolmington gaskiya ya faɗa ba. Ta ce an ɗora masa kayan da ba nasa ba ne. Daga nan ƙa'idar ta bi dokar Ingila zuwa Ghana da Nijeriya da sauran ƙasashen da suka gaje ta.

Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tun ƙarnoni da yawa kafin Woolmington malamai suka zaunar da cewa kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma kan wanda ya yi musu, suka kuma ce shubuha tana kawar da haddi. A mazhabar Malikiyya a kan ci shari'ar dukiya da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara, alhali zina ba ta tabbata da shaidu sai sun cika huɗu. Watau nan ma ma'auni yana ƙara nauyi gwargwadon abin da mutum zai rasa.

To, a koma Los Anjelis da wannan sikeli a hannu. Hukuma ta kawo hujjar kimiyya mai yawa. An gwada ɗigon jinin da aka samu a wurin kisan, da cikin motar Simpson, da gidansa, ta hanyar gwajin ƙwayoyin gado na jikin mutum, wanda a lokacin bai daɗe da shiga kotuna ba. Lauyoyinsa ba su tsaya jayayya da ilmin kansa ba, sai suka bi ta kan hannuwan da jinin ya ratsa: wa ya ɗebe shi, ina ya kwana, yaya aka ajiye shi. Suka kuma nuna cewa ɗaya daga cikin manyan shaidun 'yan sanda ya yi ƙarya bayan ya rantse, da ya ce bai yi amfani da kalmar wulakanta baƙar fata ba. Aka ba Simpson safar hannun da aka tsinta ya sa a gaban juri, aka ga kamar ta yi masa kaɗan. Shi kansa bai hau wurin ba da shaida ba, gama tsarin mulkin Amurka ya hana a tilasta wa wanda a ke tuhuma ya yi shaida a kan kansa. Har yau mutane suna gardama ko shakkar da juri suka yi ta mai hankali ce. Amma abin da hukuncinsu ya ke nufi a doka ƙarami ne: hukuma ba ta cika ma'auni ba. Cewa ba a sami mutum da laifi ba dabam ne da cewa an tabbata bai yi ba.

A Santa Monika al'amari ya juya. Tun da ba ɗauri a ke nema ba, kuma an riga an sallame shi daga tuhumar kisa, ba shi da sauran mafakar yin shiru. Ya zauna kwana da kwanaki lauyan masu ƙara yana yi masa tambayoyi. An ga sawun wani takalmi mai tsada ƙirar Bruno Magli cikin jini a wurin kisan, shi kuwa ya ce bai taɓa mallakar irinsa ba. Sai aka fito da hotunan da aka ɗauke shi a filin wasa a 1993 sanye da irin takalmin. Ga sabuwar hujja, ga ma'auni mai sauƙi, sikeli ya rinjaya.

Wani zai tambaya, ba an ce ba a yi wa mutum shari'a sau biyu kan abu ɗaya ba? Haka ne, amma hanin ya shafi shari'ar laifi ne kaɗai, don kada hukuma ta yi ta jan mutum kotu har sai ta sami hukuncin da ta ke so. Bai taɓa haƙƙin wanda aka cuta ba. A Ingila ma an sassauta shi da dokar 2003, wadda ta yarda a sake shari'ar babban laifi kamar kisa in sabuwar hujja mai ƙarfi ta ɓullo.

Akwai wani bambanci game da zuciya. Yawancin manyan laifuffuka ƙafa biyu gare su, aiki da niyya. Wanda ya ɗauki buhun wani a tasha yana zaton nasa ne bai yi sata ba, ko da ya kai shi har gida. Shari'ar haƙƙi kuwa sau da yawa ba ruwanta da mugun nufi, sakaci ma ya isa. Shahararren misali ya faru a garin Paisley na ƙasar Sikotlan cikin watan Agusta 1928. Aka saya wa wata mata, May Donoghue, kwalbar lemon citta a wani shago. Kwalbar mai duhu ce, ba a ganin cikinta. Ta ce bayan ta sha rabi, da aka tsiyaye sauran sai ga ruɓaɓɓen dodon-koɗi, ta kuwa kwanta ciwon ciki. Ba ita ta biya kuɗin ba, saboda haka babu ciniki tsakaninta da kowa. Ta yi ƙarar mai masana'antar, David Stevenson, tana neman fam 500. A 1932 Majalisar Dattawa, alƙalai uku cikin biyar, ta ce mai yin kaya wajibi ne ya kula da lafiyar wanda kayan za su isa gare shi, ko da ba su taɓa ganin juna ba. Ba wanda ya ce Stevenson ya yi nufin cutar kowa, ba kuma wanda ya nemi a ɗaure shi. Abin dariya, ba a taɓa tabbatarwa a kotu cewa dodon-koɗin yana cikin kwalbar ba, domin Stevenson ya mutu, magadansa suka biya fam 200 aka rufe magana.

Kada a zaci kowace al'umma a wuri ɗaya ta ja layin nan. Fiƙihun Musulunci ya raba haƙƙin Allah da haƙƙin ɗan Adam, ya kuma sa babban rabo na shari'ar kisa a hannun magadan mamaci. Su ke neman ƙisasi, su ke iya yafewa, ko su karɓi diyya, wadda asalinta raƙumi 100 ne, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Duk da haka ba a bar jama'a hannu wofi ba. A Malikiyya, wanda ya yi kisa da gangan aka yafe masa, a kan yi masa bulala 100 a tsare shi shekara guda. Wanda kuwa ya yaudari mutum ya kai shi ɓoye ya kashe don dukiyarsa, magada ba su da ikon yafe masa. Mazauna Makka da Madina da Jidda sun san kotunan Saudiyya suna raba haƙƙin jama'a da haƙƙin mutum cikin shari'a guda, har wanda aka cuta ya yafe nasa, na hukuma ya saura.

A Nijeriya ta Arewa an sake jan layin gab da samun mulkin kai. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira kwamitin masana, shugabansa kuwa Babban Jojin Sudan ne, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Bisa shawararsu aka yi dokar laifuffuka da aka sani da Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960. An ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860. Da wannan doka shari'ar kisa ta koma hannun hukuma, aure da gado da makamantansu suka zauna wajen alƙalai bisa fiƙihu. Daga shekarar 2000 jihohi goma sha biyu na Arewa, Zamfara ce ta fara, suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, ƙisasi da diyya suka komo cikin dokokin laifi na mafi yawansu.

Ƙasashen da suka gaji dokar Faransa, kamar Nijar da Chadi da Kamaru, suna da wata dabara mai rage wahala. Wanda aka cuta yana iya shiga cikin shari'ar laifin a matsayin mai neman haƙƙi, kotu ɗaya ta yanke horo, ta kuma yanke abin da za a biya shi. Tambayoyin dai biyu ne har yanzu, zama ne aka haɗa.

Inda rashin sanin wannan iyaka ya fi cin mutane shi ne bashi. Ɗan kasuwa ya ba abokin cinikinsa kaya, lokaci ya yi bai biya ba, sai ya garzaya caji ofis a kamo shi a kulle, har 'yan'uwa su haɗa kuɗi. Wannan ba aikin 'yan sanda ba ne. Kasa biyan bashi ba laifi ba ne, saɓa alkawari ne, magani kuwa yana kotun haƙƙi. Ingila ta daina ɗaure mutane saboda bashi na yau da kullum tun dokar 1869. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan Adam ta hana a ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin ciniki. Dokar 'yan sandan Nijeriya ta 2020 ita ma ta hana kama mutum saboda irin wannan. Mai bin bashi da ya sa aka tsare wani ba bisa ƙa'ida ba yana iya wayar gari shi a ke ƙara, a ci shi kuɗin da ya fi bashin.

Amma fa akwai bashi, akwai zamba, abin da ya raba su kuwa shi ne halin da a ke ciki ranar da aka karɓi kayan. Wanda ya karɓa da nufin biya, kasuwa ta juya masa baya, mai bashi ne. Wanda ya karɓa da ƙarya, ya nuna takardar jabu, ko ya sayar da filin da ba nasa ba, ya yi laifi tun a ranar. Sashe na 419 na dokar laifuffuka ta kudancin Nijeriya kan wannan ya ke magana, daga nan lambar ta zama sunan 'yan damfara. Sau da yawa takarda guda mai kwanan wata da sa hannun shaidu biyu ita ke nuna wa alƙali ko wanne ne, ita ce kuma abin da fatake ya kan ji kunyar nema daga ɗan garinsu.

Haƙƙi kuma yana da wa'adi. A Ingila, bisa dokar 1980, mai bin bashi yana da shekara shida ya kai ƙara, wanda aka ji wa rauni shekara uku. In ya bari suka wuce, galibi ƙofa ta rufe, ko da gaskiya tasa ce. Kowace ƙasa da nata wa'adin, a Amurka ma kowace jiha da nata. Kisan kai kuwa ba ya tsufa a Ingila ko Amurka, ko bayan shekara arba'in a na iya gurfanar da wanda ya yi.

Saura abu ɗaya da wanda ya ci shari'ar haƙƙi ya kan gano daga baya. In an yanke ɗauri, hukuma ce ke kai mutum kurkuku. In an yanke biya, mai haƙƙi ne zai yi ta komawa kotu yana neman a kama dukiya. An yi gwanjon waɗansu kayan Simpson a 1999, har da kofin girmamawa da ya ci a wasan ƙwallo, amma doka ta kare kuɗin fanshonsa, ya kuma ƙaura zuwa jihar Fulorida, inda ba a ƙwace gidan da mutum ke zaune ciki saboda irin wannan bashi. A 2007 ya shiga wani ɗakin otal a Las Begas tare da waɗansu mutane, biyu daga cikinsu da bindiga, don ya ƙwato kayan da ya ce nasa ne. Wannan karon juri suka same shi da laifin fashi da tsare mutane, ran 3 ga watan Oktoba 2008, shekara goma sha uku daidai da ranar da aka sallame shi. Aka yanke masa ɗaurin da zai iya kai shekara 33, ya yi tara aka sake shi a 2017. Ya mutu cikin watan Afrilu 2024, mafi yawan dala miliyan 33 da rabin nan ba a biya ba.